Idan An Fasa Cinikin Hannun Jari Bayan An Sa Hannu: Matakan Da Ake Bi Har A Kai Ga Lissafin Diyya

A kasuwar Dawanau, idan mutum ya taya buhu ɗari na riɗi aka sallama masa, washegari ya dawo ya ce ya fasa, lissafin asarar ba ya cin minti biyar. Kowa a layin ya san kuɗin buhu a ranar. Mai kaya ya juya ya sayar wa na gaba, in ya faɗi da dubu biyu a kowane buhu, to dubu ɗari biyu ce asararsa, magana ta ƙare. Amma ɗauki mutumin da ke da kashi 40 cikin 100 na wani kamfanin casar shinkafa. Ya yi yarjejeniya a rubuce zai sayar da kasonsa, ana saura mako uku a biya, mai saye ya aiko cewa ya janye. Wa zai tambaya nawa wannan kaso yake yau? Ba a kasuwar hannayen jari ta Legas yake ba, babu dillalin da ke riƙe da farashinsa a ka, kuma wataƙila duk ƙasar nan mutum uku ne kacal za su so sayensa. A nan gizo ke saƙar.

Yawancin mutane suna ɗauka cewa tunda an rubuta naira miliyan 200 a takarda, miliyan 200 kotu za ta ba su. Ba haka ba ne. Hannun jarin yana nan a hannunka, ba za a bar maka shi kuma a ƙara maka kuɗinsa ba. Abin da kotu ke biya shi ne giɓin da ke tsakanin farashin da kuka yi da ainihin ƙimar hannun jarin, kuma kai ne za ka kawo hujjar wannan giɓi. Dokar yarjejeniya ta Najeriya gadon Ingila ce, shi ya sa za ka ga sunayen shari'o'in can a nan. Hukuncin kotunan Ingila na yanzu ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma lauyoyinmu da alƙalanmu suna kafa hujja da su kullum.

Mu riƙe misalin kamfanin shinkafar: kaso 40 cikin 100, farashi miliyan 200, an ba da kafin alƙalami miliyan 20, za a biya ragowar bayan wata uku.

Mataki na farko: duba ko akwai cinikin da ya ɗaure

Kafin ka ce an fasa, ka tabbata an ƙulla. Da yawa daga cikin takardun da ake sa wa hannu a farkon magana takardun fahimtar juna ne kawai, kuma in an rubuta a ciki cewa komai ya dogara da cikakkiyar yarjejeniyar da za a rubuta nan gaba, to babu abin da ya ɗaure kowa tukuna. Mutum yana iya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Daga nan ka ɗauko kundin ƙa'idojin kamfanin. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ta ba kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ba a tallata wa jama'a hannun jarinsu, damar taƙaita sayar da shi. Sashe na 22 ya yarda kamfani ya shar'anta cewa mai hannun jari ba zai sayar wa bare ba sai ya fara yi wa abokan tarayyarsa tayi, kuma in za a sayar wa bare fiye da rabin kamfanin, sai baren ya yi wa sauran tayin sayen nasu a kan sharaɗi iri ɗaya. In kundinku yana ɗauke da wannan, kuma ba ka karɓi rubutacciyar yafewar abokan tarayyarka ba, to mai sayen da ya janye zai ce kai ma da ma ba ka da ikon mika masa kayan. Haka nan sauran sharuɗɗan da ake jira kafin a kammala: amincewar bankin da ke bin kamfanin bashi, ko ta hukumar kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, wato FCCPC, idan cinikin ya kai girman da sai an sanar da ita, ko ta Babban Bankin Najeriya in kamfanin na harkar kuɗi ne. Ka jera su, ka rubuta gaban kowanne wanda nauyinsa ke kansa da kuma inda aka tsaya.

Mataki na biyu: abin da ya yi, fasawa ce ko ƙorafi?

Nan ne mutane suka fi jefa kansu a rami. Fasawa a idon doka tana zuwa ta hanya uku. Ko dai mutum ya faɗa ƙarara, da baki ko a rubuce, cewa ba zai cika ba. Ko ya yi abin da ya sa cikawar ba za ta yiwu ba, kamar mai sayarwa ya je ya miƙa hannun jarin ga wani. Ko kuma ya saɓa wani sharaɗi mai nauyin da ya rushe amfanin cinikin gaba ɗaya.

Ba sai ranar biya ta zo ba. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga shari'ar Hochster da De La Tour ta 1853. An ɗauki wani mutum zai yi wa matafiyi rakiya zuwa ƙasashen Turai daga 1 ga Yuni 1852, sai a 11 ga Mayu aka rubuto masa cewa ba a bukatarsa. Ya shigar da ƙara a 22 ga Mayu, kafin ranar fara aikin, kotu kuma ta ce yana da wannan dama. Saboda haka in mai saye ya rubuto maka yau cewa ya janye, ba dole ne ka zauna jiran wata uku su cika ba.

Amma ka lura da bambanci. "Na fasa" daban, "kuɗin sun yi mini yawa, a duba mini" daban, "banki bai sake mini kuɗi ba tukuna" daban. Na biyu da na uku ba fasawa ba ne. Har mutumin da ya karanta yarjejeniya bisa kuskure, ya yi zaton wani sashe ya ba shi damar fita, ba lallai a ɗauke shi wanda ya fasa ba matuƙar ya nuna zai bi abin da kotu ta fassara. Haka kotu mafi girma a Ingila a lokacin ta yanke a shari'ar Woodar da Wimpey a 1980. Haɗarin kuwa shi ne: in ka yi fushi ka soke ciniki alhali abokin cinikinka bai kai ga fasawa ba, kai ne ka zama mai fasawa, kuma kai za a bi diyya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Maganar jinkiri fa? Idan yarjejeniyar ta ce ranar biya sharaɗi ce da ba a ɗagawa, wucewar ranar kaɗai ta isa. In ba ta faɗa ba, kotuna sun fi karkata ga ɗaukar lokaci da nauyi a cinikin hannun jari saboda ƙimarsa tana hawa tana sauka, amma ni ba zan shawarci kowa ya jingina da wannan ba. Lauyanka ya rubuta wasiƙa ya ba shi wa'adi mai ma'ana, a ce kwana 14 ko 21, ya bayyana cewa in wa'adin ya cika ba a biya ba za ka ɗauka ya fasa. Ka bi hanyar aika sanarwa da yarjejeniyar ta tsara, adireshin da ta ambata da yadda ta ce a kai. Wasiƙar nan ba ta cin komai, kuma ita ce ke rufe bakin gardama daga baya.

Mataki na uku: zaɓi ɗaya daga cikin biyu, kuma ka faɗa

Fasawar mutum ɗaya ba ta kashe yarjejeniya. Wanda aka yi wa laifi ne ke da zaɓi: ya karɓi fasawar, ciniki ya mutu, ya nemi diyya, ko ya ƙi karɓa ya ce ciniki yana nan. Wani alƙalin Ingila ya kwatanta fasawar da ba a karɓa ba da rubutu a kan ruwa.

In ka zaɓi riƙe ciniki, ka riƙe shi ne domin ku biyu. Dole ka ci gaba da cika naka nauyin, ba za ka sayar wa wani ba, shi kuma yana iya canja ra'ayi ya zo da kuɗinsa ranar biya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne in wani abu ya faru a tsakani wanda ya warware yarjejeniyar bisa doka, ka tashi a tutar babu. A shari'ar Avery da Bowden ta 1855, jirgin ruwa ya je Odessa ɗaukar kaya, aka gaya wa matuƙin babu kaya, shi kuwa ya tsaya yana nacin sai an ba shi. Yana cikin jira yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Rasha, cinikin ya haramta, mai jirgin bai samu ko kwabo ba. A namu misalin, ka ce kana jira sai hukuma ta ƙi amincewa, ko ranar ƙarshe da aka sa wa sharuɗɗa ta wuce, ka ga mai fasawa ya fita ta ƙofar da ka bar masa a buɗe.

In ka zaɓi karɓa, ka faɗa a fili, a rubuce, da kwanan wata. Layi uku sun isa: mun samu saƙonka na rana kaza, mun ɗauke shi a matsayin fasawa, mun karɓa, kuma muna riƙe da dukkan haƙƙinmu na neman diyya. Da zarar ka aika, babu komawa.

An yarda ka ɗan ɗauki lokaci ka yi tunani, amma kada ya yi tsawo, kuma kada ayyukanka su ƙaryata bakinka. Mu da al'adarmu ta a zauna a yi magana, sai a tura dattawa, a yi wata biyu ana kai gwauro ana kai mari, mai kaya yana ta cewa "ai ciniki yana nan, Alhaji, Allah ya huci zuciyarka". Sasanci abu ne mai kyau, amma kowace wasiƙar sasanci a rubuta a kanta cewa ba ta zubar da haƙƙin kowa ba, kada gobe a karanta ta a kotu a ce ka yafe.

Mataki na huɗu: tattara shaida tun yau

Saƙonnin WhatsApp, imel, takardun banki, bayanan taron daraktoci, duk a ajiye. Kada a canja wayar da saƙonnin ke ciki, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana bukatar bayani a kan na'urar da aka ciro shaidar daga cikinta. Sannan ka tanadi hujjar cewa kai a shirye kake: in mai sayarwa ne kai, takardar shaidar hannun jari da takardar miƙawa da yafewar abokan tarayya, in mai saye ne, shaidar cewa kuɗin suna nan ko banki ya amince zai bayar. Wanda ba zai iya cika nasa ba, babu asarar da zai nuna.

Mataki na biyar: kayan kake so ko kuɗi?

Wannan tambaya ta fi shafar mai saye. Da hannun jarin wani babban banki ne da ake sayarwa a kasuwa, kotu za ta ce karɓi diyya ka je ka sayi wani. Amma kaso 40 na wannan kamfanin shinkafa babu irinsa a ko'ina, don haka kotuna sukan yarda su tilasta wa mai sayarwa ya cika alkawari ya miƙa. Sharaɗin shi ne kada ka karɓi fasawar, domin ba a tilasta cika cinikin da kai da kanka ka binne. Kuma ka hanzarta. Mutum ba ya zama cikakken mai hannun jari sai an shigar da sunansa a rajistar kamfanin, in kuwa aka riga aka shigar da wani da ya saya da zuciya ɗaya bai san da naka cinikin ba, ƙwato kayan zai yi wuya. Shi ya sa ake neman umarnin kotu na dakatar da miƙawa tun a makon farko. Kotu za ta sa ka ɗauki alkawarin biyan asarar da umarnin ya jawo in daga baya aka ga ba ka da gaskiya, saboda haka ka auna kafin ka nema.

Mataki na shida: ma'aunin diyya da ranar da za a auna

Tun shari'ar Robinson da Harman ta 1848 ƙa'idar ɗaya ce: a mayar da wanda aka cuta matsayin da zai kasance da an cika alkawari, gwargwadon abin da kuɗi za su iya. Ba a hukunta mai fasawa, ba a kuma azurta wanda aka fasa wa. In mai saye ne ya fasa, diyya ita ce farashi a cire ƙimar hannun jarin. In mai sayarwa ne, ƙima a cire farashi, a kuma mayar da abin da aka riga aka biya. Ma'ana, in ka yi ciniki a miliyan 200, mai saye ya gudu, kuma kason naka ya kai miliyan 200 ko fiye, to kana da gaskiya amma ba ka da asara, abin da za a ba ka ɗan kuɗin shaida ne kawai.

To ƙimar wace rana? Asali ana ɗaukar ranar da ya kamata a kammala cinikin. Amma wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan kayan da ke da kasuwa, inda mutum zai iya juyawa ya sayar a ranar. Inda babu kasuwa, kotu tana iya ɗaukar wata rana, misali ranar da mai hankali zai iya samun wani mai saye, ko ranar da aka fid da rai da tilasta cikawa. Shari'ar Johnson da Agnew ta 1980 ita ake kawowa a kan wannan sassauci.

A Najeriya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kafin Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ke shigo da kayan gyaran injina da dala, ko yake da bashin dala a wuyansa, ƙimarsa a watan Mayu da ƙimarsa a watan Disamba na 2023 ba su ko yi kama ba. Matsar da ranar auna da wata shida kaɗai yana iya ninka diyya ko ya shafe ta.

Sannan kotu ba ta rufe ido daga abin da ya faru bayan fasawa. A shari'ar jirgin Golden Victory, an yi hayar jirgi na shekara bakwai daga 1998, masu haya suka fasa a Disamban 2001, amma yarjejeniyar ta ba su damar sokewa in yaƙi ya ɓarke tsakanin wasu ƙasashe da aka lissafa, ciki har da Amurka da Iraƙi. Yaƙin ya zo a Maris 2003, kotu kuma ta yanke a 2007 cewa diyya ta tsaya a nan. Wadda ta fi ta ban mamaki ita ce shari'ar Bunge da Nidera ta 2015: an yi cinikin alkamar Rasha, mai sayarwa ya yi gaggawar sokewa, amma haramcin fitar da alkama da Rasha ta sa a 2010 da ma zai kashe cinikin. Masu saye sun nemi kusan dala miliyan 3, aka ba su dala 5. Don haka ka tambayi kanka da gaske: da bai fasa ba, cinikin nan zai kammala kuwa?

Mataki na bakwai: fitar da ƙimar hannun jarin

Nan ne ake cin shari'a ko a faɗi. Alƙali ba akanta ba ne, zai saurari ƙwararru ne, don haka ka ɗauki akanta mai rajista da ɗaya daga ƙungiyoyin akantoci na ƙasa, ICAN ko ANAN, wanda ya saba ƙiyasta kamfanoni kuma zai iya tsayawa a yi masa tambayoyi. Kada ka kawo wanda ke yi wa kamfanin lissafi kullum, za a ce ɗan gida ne.

Hanyoyin uku ne sanannu. Akwai lissafin kadara: fili, gini, injina, kaya a sito, basukan da ake bi, a cire basukan da ake bin kamfanin. Ta dace da kamfanin da arzikinsa ƙasa da gini ne, ko wanda ya daina cin riba. Akwai hasashen kuɗin da za su shigo shekaru masu zuwa a mayar da su ƙimar yau, wadda take da kyau a takarda amma kowane zato a cikinta abin gardama ne. Sai wadda aka fi amfani da ita ga kamfanin da ke aiki: ribar shekara a ninka ta da wani adadi.

Mu gwada ta ƙarshen. A ce lokacin ciniki ribar kamfanin miliyan 100 ce a shekara, aka ninka sau 6 ya zama miliyan 600, aka cire bashin banki miliyan 100, saura 500. Kashi 40 na wannan shi ne miliyan 200 ɗin da kuka yi ciniki. Zuwa ranar biya shinkafar waje ta cika kasuwa, riba ta sauko miliyan 80. Sau 6 ya ba da 480, a cire 100 saura 380, kashi 40 ya zama miliyan 152. Giɓi miliyan 48. A cire kafin alƙalami miliyan 20 da ke hannunka, abin da za ka nema miliyan 28 ne. Ka ga nisan da ke tsakanin wannan da miliyan 200 da ka shiga ofishin lauya kana ambata.

Yanzu ga inda ƙwararru ke kai ruwa rana. Mai kashi 40 ba ya juya kamfani, ba ya naɗa daraktoci shi kaɗai, ba ya tilasta a raba riba. Don haka baren da zai saya yakan nemi ragi. In aka yi ragin kashi 20 cikin 100, miliyan 152 ta koma 121.6, giɓi ya tashi zuwa 78.4. Abin dariyar shi ne a wannan shari'a mai kaya ne ke rantsuwa cewa kayansa ba su da daraja, wanda ya gudu kuma yana yabon kayan da ya ƙi saya. Lauyan mai saye zai ce ai farashin farko ba a yi masa wannan ragi ba, a auna da mudu ɗaya. Lauyan mai kaya zai ce tambayar ita ce nawa zai samu a hannun wani yau, kuma wani ba zai biya ba sai da ragi. In akwai yarjejeniyar masu hannun jari da ta ba mai kashi 40 kujerar darakta da ikon hana wasu shawarwari, ragin zai ƙanƙance.

Abu biyu ne suka fi rahoton kowane ƙwararre nauyi a idon alƙali. Na farko farashin cinikin kansa. In mutum biyu da ba dangi ba suka zauna da lauyoyinsu suka amince a kan miliyan 200 wata uku da suka wuce, dole ka nuna abin da ya canja: babban abokin ciniki ya tafi, gobara, sauyin manufar gwamnati, faɗuwar naira. In babu, za a ce ƙimar tana nan inda take. Na biyu, farashin da ka sake sayarwa, in ka sayar wa bare bayan ka nema da gaske. Sayar wa ƙaninka a rabin kuɗi ba shaida ba ce, abin zargi ne.

Wata matsala ta kamfanoninmu na iyali: littafin lissafi. Kuɗin makarantar yara da man motar gida duk a asusun kamfani, wani cinikin kuma ba ya shiga littafi saboda haraji. Akanta zai iya gyara na farko ya fitar da ribar gaskiya. Na biyun kuwa babu mai gyara shi, domin abin da aka kai wa hukumar haraji da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, shi za a ɗora a gaban alƙali, kuma mutum ba ya cewa kotu ta yarda ya yi wa hukuma ƙarya.

Mataki na takwas: rage asararka

Da zarar ka karɓi fasawa, doka ba ta yarda ka naɗe hannu asara tana ƙaruwa ba. Ka yi wa abokan tarayya tayi, ka tuntuɓi waɗanda suka taɓa nuna sha'awa, ka ajiye kowace wasiƙa da amsarta. Ba a ce ka karyar da kaya ba, abin da mai hankali zai yi kawai ake nema, kuma mai fasawa ne zai kawo hujjar cewa ka yi sakaci. Ko shi kansa in ya dawo da tayin miliyan 185, kada zuciya ta sa ka ƙi saurara. Kana iya karɓa ka rubuta cewa kana bin cikon 15. In ka ƙi don fushi daga baya ka sayar a 150, ana iya tsayar da diyyarka a 15.

Mataki na tara: kafin alƙalami da sauran ƙananan asarori

Yadda aka rubuta kuɗin farko yana da muhimmanci. In an kira shi kuɗin tabbatar da ciniki, mai sayen da ya fasa ya rasa shi ko da babu asara, matuƙar adadin bai wuce hankali ba. In kuwa wani ɓangare ne na farashi kawai, asali ana mayar masa, a cire diyya. Wanda ke kula da hukuncin addini ya sani cewa malaman Malikiyya ba su halatta cinye irin wannan kuɗi haka kawai ba, Hanbaliyya ne suka yarda, don haka abin da kotu ta bar maka da abin da malaminka zai ce ka riƙe suna iya bambanta.

In yarjejeniyar ta yanke adadin da mai fasawa zai biya, kotu za ta bi, sai fa in adadin na razanarwa ne ba na ƙiyasin asara ba. Shari'ar Cavendish da Makdessi ta 2015, wadda ita ma cinikin hannun jarin wani kamfanin talla ne na Gabas ta Tsakiya, ta sassauta wannan a Ingila, inda ta ce a duba ko sharaɗin yana kare wata halattacciyar bukata kuma bai wuce kima ba.

Sauran asarori ana auna su da shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854: sai wadda ke biyo baya bisa al'ada, ko wadda ku biyu kuka san da ita lokacin ciniki. In ka yi niyyar sayen fili da kuɗin, filin ya tsere maka, ba za a biya ka ba sai in mai saye ya san da wannan tun farko. Ɓacin rai da zubewar mutunci a kasuwa ba sa cikin lissafi. Kowace asara ka jera ta dalla-dalla a takardar ƙara da rasit ɗinta, domin kotunanmu ba sa ba da abin da ba a roƙa ba. Kuɗin ruwa na kafin hukunci ma haka, sai an nema kuma an nuna tushensa a yarjejeniya ko al'adar kasuwanci.

Mataki na goma: ina za a kai maganar

Fara da karanta ƙarshen yarjejeniyar. In ta ce za a kai saɓani gaban masu hukuncin da ɓangarorin za su zaɓa, can za a je, kuma dokar sasanci ta 2023 ta sa kotu ta dakatar da ƙarar da aka kawo mata ta tsallake wannan sharaɗi idan ɗaya ɓangaren ya nema. In babu, sai a zaɓi kotu da kyau. Sashe na 251 na tsarin mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya al'amuran da suka taso daga aiki da dokar kamfanoni, kamar gyaran rajistar masu hannun jari. Amma Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna ta 2005 cewa ƙarar saɓa yarjejeniya zalla ta Babbar Kotun Jiha ce. Cinikin hannun jari yana kan iyakar biyun, kuma yadda lauyanka ya tsara abin da kake nema shi zai nuna inda za a dosa. Kuskure a nan yana cin shekaru ana jayayya a kan hurumi kafin a taɓa ainihin maganar. Wa'adin shigar da ƙara shekara shida ne a Legas da jihohi da dama, biyar a wasu, ana ƙirgawa daga ranar da haƙƙin ƙara ya tabbata.

Kafin ka shigar, ka sake duba miliyan 28 ɗin nan. Ka cire kuɗin lauya da na akanta, ka tuna hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, ka ƙiyasta abin da za ta saya bayan an gama ɗaukaka ƙara. Babbar Kotun Kano da ta Legas duk suna da cibiyoyin sasanci a ƙarƙashinsu. In aka daidaita a can, a rubuta adadi da ranar biya, da makomar kafin alƙalami, da sakin hannun jarin daga duk wani iƙirari na mai saye, da dawo da takardun sirrin kamfanin da aka ba shi lokacin bincike, sannan a kai wa alƙali ya mayar da takardar hukuncin kotu, yadda in ya sake saɓawa za a wuce kai tsaye zuwa asusunsa na banki.